Ƙasar da Dzarma Ya Aiko

Sau uku na ba Mama Pindar itacena ta gasa ƙasa da shi. Wanda bai zauna Maiduguri a shekarun nan ba zai ce itace ne kawai, mene ne abin faɗa a ciki. To ni mai tuyar awara ce a bakin layi a Moduganari, da wuta nake ci. A lokacin da nake magana kuwa, masu saran itace fita bayan gari suke yi ba su san ko za su dawo ba. Duk gungumen da ya shigo garin nan, wani ne ya sa ransa a tafin hannu ya ɗauko shi. Saboda haka idan na ce raina ya ɓaci, ina da hujja.

Sunana Binta. Mahaifina kafinta ne daga Kano, ya zo nan tun ba a haife ni ba, ya bar mana gida mai ɗaki huɗu da tsakar gida da siminti ya rufe rabinta. A ƙarshen 2014 wani dattijo daga cocin da ke bayanmu ya kawo mini mata da miji yana nema musu ɗaki. Daga wani ƙauye suka fito a gefen Damboa, kwana huɗu a ƙafa, bayan yaran sun ƙona musu gari. Mu a nan ba mu cika kiran sunan Boko Haram ba, yaran muke cewa, kamar wasu 'yan ƙiriniya ne da suka fasa tulu. Har wannan ma haushi yake ba ni.

Matar ita ce Pindar. Gajera ce, kakkaura, ta haura hamsin, tafin hannunta kamar bayan ƙwarya. Ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka tura katanga. Mijinta Dzarma dogo ne mai surutu, manomin barkono a bakin rafi. 'Yarsu ɗaya ce, Rhoda, tana aure a Jos. Tun ranar da suka sauka Dzarma ya raina ƙasar garinmu. Sai ya tsuguna a tsakar gida ya dumbuzo ta, ya bar ta ta zube ta tsakanin yatsunsa.

“Hajiya, wannan ba ƙasa ba ne, yashi ne,” in ji shi. “Ko kaza ba zai tona wannan ba.”

Ni kuma in ce masa yashin nan dai shi ya karɓe shi da ƙasarsa mai kyau ta kore shi. Sai ya yi dariya ya ce bakina ya fi barkononsa zafi.

Zaman banza ya kusa kashe mutumin nan. An haƙa rami an zagaye gari, gona duk tana wajen rami, cikin rami kuwa sai yashi da bola. Takin zamani an hana sayar da shi, wai yaran na haɗa bam da shi, wato su yi ɓarna, manomi ya biya. Ana cikin haka wata ƙungiya ta shigo unguwa da fararen motoci, ta raba wa 'yan gudun hijira buhuna masu rubutu da butar ban ruwa, ta koya musu noman cikin buhu a awa biyu. Aka jera su aka ce su yi murmushi, aka ɗauki hoto, aka tafi. Babu wanda ya tambayi me za a zuba a cikin buhun.

A watan Mayun 2016 aka ce hanyarsu ta ɗan buɗe, motocin itace na bi da rakiyar sojoji. Dzarma ya ce zai je ya ɗebo ƙasa ta gaske. Na hana shi, Pindar ta hana shi, ya tafi. Bayan kwana biyu wani direba ya sauke mana buhu guda a ƙofar gida, cike da baƙar ƙasa mai laushi, a bakinsa an ɗaure ƙullin leda na irin barkono. Direban ya ce mai kayan ya tsaya duba rumbunsa, zai biyo motar gobe. Motocin goben ne aka tare a hanya. Babu wanda ya ga gawarsa, babu kuma wanda ya sake ganinsa. Mutum ya mutu saboda buhun ƙasa, a garin da ake cewa komai ya lafa.

Na ce ya mutu, amma a gaban Pindar ba a faɗin haka. Matan cocinsu suka zo mata gaisuwa, ta ba su ruwa suka sha, sannan ta ce, “Gaisuwan me? Wa ya mutu?” Suka tashi jiki a sanyaye. Rhoda ta yi ta kira tana roƙo a yi zaman makoki, uwar ta ce in ta sake ɗauko maganar kada ta ƙara kiranta. Hularsa tana nan a kan ƙusa inda ya rataye ta.

Ƙasar nan ta raba ta biyu. Rabi ta gauraya da yashi da kashin awaki ta cika buhu goma sha biyu. Sauran rabin ta juye a wani babban baho a bayan ɗakinta, ta shuka barkono ɗaya a ciki, ta ce wannan gonar Dzarma ce, in ya dawo zai same ta kamar yadda ya aiko ta. Kullum ita ake fara ba ruwa.

Daminar farko barkonon ya yi abin mamaki. Ƙanana ne jajaye, ƙamshinsu yana riga zafinsu isa. Da shi nake yajin awarata, har daga unguwar Wulari mutane suke zuwa saye. Pindar ta ƙara buhuna, ta yanka jarkoki, ta tattaro tsofaffin bokitai, tsakar gidana ta koma lambu sai da dabara ake wucewa banɗaki. Na ƙyale ta, don na ga matar ta fara cin abinci. Sabuwar ƙasa kuwa babu inda za a samo, sai dai in an girbe ta juye buhu, ta ƙara taki, ta mayar. Ƙasa ɗaya, shuka ɗaya, zagaye bayan zagaye.

A zagaye na uku ganye ya fara rawaya. Da rana shukar ta yi laƙwas ko an ba ta ruwa, da yamma ta ɗan farfaɗo, fure ya fito ya zube. Na je na kira Ba Kashim, wani tsohon malamin gona Babarbare da ya yi ritaya, yana zaune a ƙarshen layinmu ba abin da yake yi sai sauraron rediyo. Ya shigo da gaisuwarsu ta “wushe, wushe”, ya tumɓuke shuka ɗaya ya karkaɗe. Saiwar duk ta kumbura ƙulli-ƙulli kamar carbi. Ya ce wata tsutsa ce da ido ba ya gani, a cikin ƙasa take, kuma maganinta ɗaya ga talaka: wuta.

Shi ya koya mana gashin ƙasa. A juye buhuna duka, a tankaɗe da rariya a fitar da tsofaffin saiwoyi a ƙona su. A yayyafa wa ƙasar ruwa har in ka dunƙula ta tsaya amma ba ta ɗiga ba. A zuba a rabin gangar ƙarfe da aka ɗora a kan duwatsu, a binne dankali ɗaya a tsakiya, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara da fallen kwano, a hura wuta a ƙasa. In dankalin ya nuna, ƙasa ta gasu. Kada a wuce haka, in ji shi, don tururi ake so ya ratsa ta, ba a toya ta kamar tukunya ba. Su kansu buhunan a juya su a shanya a rana. In ta huce a ƙara mata ruɓaɓɓen taki da 'yar toka.

Buhu arba'in, ganga ɗaya. Kwana uku muna yi, kuma itacen nawa ne, don ita ba ta da shi. Bahon bayan ɗaki kuwa ba a taɓa shi ba. Na san da shi, na ce a bar mata, ai yana can gefe ba ruwansa da kowa. Ba Kashim ma bai san akwai shi ba.

Aka shuka, aka yi wata biyu cikin murna, sai ga rawayar ganye ta dawo. An gudu ba a tsira ba. Ba Kashim ya tumɓuke, ga carbin nan a saiwa. Ya ce ko dai wutar ba ta ratsa ba, ko takin ne. Ya dube ni ya ce, “Hajja Binta, ko kin yi rowar itace?” Ni da na hana kaina tuya kwana uku! Wannan karon ko barkonon iri ba a samu ba. Abin da ya rage na irin Dzarma yana cikin kwalin ashana, kuma iri ma yana tsufa. Idan aka sake asara, barkonon nan ya ƙare a duniya, don ƙauyen da ya fito babu kowa a cikinsa.

Muka sake gashi karo na biyu, a tsakiyar zafin bazarar 2018, rana a sama wuta a ƙasa. Wannan karon ni na tsaya a kan gangar. Dankali biyu nake binnewa, sai na fasa na ga cikinsa ya yi laushi sannan in yarda a sauke. Har takin ma sai da aka turara. Muka cika buhuna, aka bar su su kwana biyu kafin shuka.

Washegari da hantsi na fita bakin layi, sai na tuna na bar matsamin awara a gida. Ina shigowa na ga Pindar da ƙaramin kwano a hannu tana bin buhuna ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗebi wani abu da yatsu uku ta zuba, ta juya da ɗan yatsa, ta wuce na gaba. Ta kusa gama layi na ƙarshe.

“Mama, mene ne wannan kike zubawa?”

“Ƙasan gida ne. Kaɗan-kaɗan.”

“Daga bahon?”

“Daga bahon.”

“Wancan karon ma kin zuba?”

“Na zuba mana.” Ko gezau ba ta yi ba. “Ƙasan da aka gasa ya mutu, Binta, bai san kowa ba. A gidansu Dzarma in an sari sabon gona, sai an ɗebo na tsohon gona an zuba, don ya san masu shi. Haka babansa yake yi.”

Ashe ruwa ba ya tsami banza. Kwana shida na tuya, itacen da mutane suka mutu a kansa, zargin rowa da na sha, duk aikin baban giwa muka yi. Zuciya ta ɗebe ni. Na zagaya bayan ɗakinta, wurin da ban taɓa takawa ba, na kama barkonon cikin bahon na fizge shi. Saiwarsa ta fi kowacce ƙulli, ta zama dunƙule guda. Na dawo na jefa shi a gabanta.

“Ga abin da kike rabawa. Ga abin da ya aiko miki. Mu muna kashewa, ke kina shukawa. Kin ajiye masa gona, to ba zai zo ya gani ba. Dzarma ya mutu, Mama. Kowa a layin nan ya sani, ke ma kin sani.”

Magana zarar bunu ce. Tun kafin in rufe baki na san na yi abin da ba ya gyaruwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Ta sunkuya ta ɗauki shukar, ta karkaɗe ƙasar jikin saiwar a cikin kwanonta don kada ko ƙwaya ta zube a yashina, ta shige ɗaki.

Kwana biyar ba ta yi mini magana ba. Ni kuma ina bakin kasko ina fushi da kowa. Ina fushi da yaran da suka mayar da manomi mai roƙon ƙasa. Ina fushi da masu fararen motoci da hotonsu. Ina fushi da Dzarma, Allah ya sani, da ya fifita buhun ƙasa a kan matarsa. Wadda na fi jin haushi kuwa ni ce, da na rasa inda zan sauke duk wannan sai a kan wadda ta fi kowa rauni a gidan.

A rana ta shida na kai ƙarar kaina wurin Ba Kashim. Ya yi mini tatas, ya ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. Sannan ya ɗauki sandarsa ya biyo ni. Ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakinta, ni ina tsaye daga nesa kamar wadda ta yi sata.

“Ya Pindar,” in ji shi, “ƙasar mijinki ba ta da laifi. Shekara talatin ina aikin gona, ban cika ganin irinta ba. A can gona, bana barkono baɗi dawa, rafi ya cika ya wanke, tsutsar ba ta samun zama. A baho kuwa an ɗaure ta wuri ɗaya, abinci ɗaya kullum. Ki bar bahonki a gefe, kada ki haɗa da sauran, shi ke nan.”

“Irinsa ba zai shiga baƙon ƙasa ba,” in ji ta.

“To sai dai ƙasarsa ta shiga wuta tukuna. In ta huce ki zuba yadda kike so. Ƙasa ce dai, ba ta zama toka.”



“Sun ƙona gidan,” ta ce. “Sun ƙona rumbu, sun ƙona coci, sun ƙona awaki a cikin garke. Wannan kaɗai ne wuta bai taɓa ba. Shi kuke so in ɗora a kan murhu da hannuna.”

Ba Kashim ya ce ta nuna masa irin. Ta buɗe kwalin ashana, ba su cika cokalin shayi ba. Ya ce mata gaskiya: wannan ba zai kai wata shekara ba, kuma ba zai jure wata asarar ba. Ya tashi ya tafi.

Kwana biyu bayan haka, da safe ina haɗa kayan tuya, na ji ana jan abu a kan siminti. Pindar ce take jan bahon, ita kaɗai, tana nishi. Na taso zan kama mata, ta ɗaga mini hannu. Sai da ta kai shi gindin gangar sannan ta miƙe ta dube ni.

“Binta, ki ba ni itace.”

Na ba ta duk abin da ke gidan. Ranar ba a ci awara a layinmu ba, haka kwanakin da suka biyo baya, don buhunan da ta yi wa barbaɗe ma sai da aka sake gasa su. Amma bahon aka fara. Ita ta tankaɗe, ita ta yayyafa ruwa, ta dunƙula ta gwada. Ta binne dankalin, ta rufe, ta ƙyasta ashana. Ni dai ina miƙa itace.

Da tururi ya fara fita ta gefen kwanon, wani ƙamshi ya cika tsakar gida, irin na ruwan farko a kan ƙasa mai kyau. Yashinmu da muka gasa sau biyu bai taɓa yin wannan ƙamshin ba. Pindar ta ja kujera ta zauna daidai inda tururin ke bugowa, ta rufe ido. Ta ce haka bakin rafinsu yake in an shiga da sassafe. Daga nan hawaye ne kawai ke bin fuskarta, ba ta share ba. Ni ma na yi nawa, amma nawa rabinsa haushi ne.

Da lokaci ya yi ta tono dankalin, ta matsa, ya nuna. Ta raba shi biyu ta miƙo mini rabi. Ban cancanta ba, amma na karɓa na ci.

Barkonon ya rayu, gara in faɗa tun yanzu. Cikin cokalin nan ashirin da ɗaya suka tsiro, saiwarsu fara tas, kuma yanzu gida bakwai a Moduganari suna da irinsa. Duk zagaye ana gasa ƙasa a gidana, Pindar ce ke koya wa mata, tana yi musu faɗa a kan dankali kamar ita ta ƙirƙiro shi. Masu saye suna yaba yajina, in ce na gode, ba na faɗa musu abin da aka biya.

Amma a ranar gashin bahon ba mu san zai rayu ba. Ƙasar tana shanye a kan tabarma tana hucewa, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da hular nan ta kan ƙusa a hannunta.

“Ki ara mini wayanki in kira Rhoda,” ta ce. “Kuma ki faɗa wa matan layi. Ranar Asabar su zo gaisuwa.”

Ranar Asabar muka shimfiɗa tabarmi a tsakanin buhuna, don babu wani fili a gidan. Rhoda ta iso daga Jos, matan coci suka zo, matan layinmu suka zo da mayafansu, Ba Kashim ya zauna a zaure da maza. Shekara biyu da ɓatan mutum sannan aka yi masa kuka. Faston nasu ya matso kusa da Pindar ya tambaye ta a hankali, tunda babu kabari, ina take so a tsaya a yi addu'a.

Ta nuna masa buhunan. A ranar da safe ta gama zuba wa kowanne yatsu uku na gasasshiyar ƙasar bahon.